Amsa Ga Mai Gabatar da Shirin Siyasa a Zariya: Yadda Za a Kai Hira Kan Aikin Gwamnatin Jiha

Wani matashin ɗan jarida da ke aiki a ɗaya daga cikin gidajen rediyon Zariya ya aiko mini da tambaya. An ba shi shiri na mako-mako inda yake tara abokan aikinsa su tattauna siyasar Jihar Kaduna, amma duk yadda ya tsara, kafin a yi minti goma hira ta koma kan wanda ya sauya sheƙa, da wanda ya ɓata da ubangidansa, da wanda ake raɗe-raɗin zai tsaya takara. Ya ce: "Malam, ta yaya zan ja hirar zuwa ga manufofin gwamnati ba tare da masu sauraro sun gudu ba, kuma ba tare da na jawo wa kaina da gidanmu fitina ba, alhali mu muna Zariya, labari kuwa a Kaduna ake yin sa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan, domin da yawa daga cikin masu riƙe da irin shirin naka ba su ma ɗauke shi matsala ba. Zan fara da wutsiyar tambayarka, domin a nan nake ganin ka raina abin da ke hannunka. Gaskiya ne cewa a Gidan Sir Kashim Ibrahim gwamna yake zama da kwamishinoninsa, a Lugard Hall kuma 'yan majalisa 34 suke zartar da doka da kasafin kuɗi, kuma wakilan da ke can su ne suke fara jin sanarwa. Amma abin da suke samu sanarwa ce, wato abin da gwamnati ta ce za ta yi, ko ta ce ta yi. Ko an yi ko ba a yi ba, wannan a Tudun Wada da Gyallesu da Dakace da Samaru ake ganinsa, a bakin famfo da cikin aji da layin yankan kati a asibiti. Wakilin da ke Kaduna sai ya nemi izinin edita da kuɗin mota kafin ya yi tafiyar kilomita kusan 80 ya zo ya duba, kai kuwa kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da wurin. Kada kuma ka manta garin da kake. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma tun a lokacin Kaduna ce hedikwatar Arewa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 a Tukur-Tukur shi ne ya fitar da jaridar Nigerian Citizen a 1948, wadda New Nigerian ta gada a 1966. Nisa da gidan gwamnati bai hana waɗancan magabatan namu zama muryar da ake jira a faɗin Arewa ba.

Dalilin da ya sa hirarku take gangarawa zuwa sauya sheƙa ba boyayye ba ne, kuma ba rashin hankalin abokan aikinka ba ne. Zancen sauya sheƙa ba ya buƙatar karatu. Na sha zama a ɗakin watsa shiri, mutum huɗu a kewaye da tebur, ɗaya ya shigo ana saura minti biyu a fara, yana share gumi, ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi a kan me za a yi magana yau. Wanda ya shigo haka ba zai iya cewa komai a kan kasafin ilimi ba, amma zai iya cika rabin awa da hasashen wanda zai bar jam'iyya, kuma idan hasashen bai tabbata ba babu mai tuna masa. Saboda haka gyaran ba a cikin ɗakin shiri yake farawa ba, yana farawa ne kwana uku ko huɗu kafin nan, lokacin da za ka raba wa kowa aikin da zai zo da shi.

Sai dai ba na ba ka shawarar ka kori zancen siyasa daga shirin siyasa, domin a jihar nan rigimar 'yan siyasa ta sha zama ita ce manufa. Alhaji Balarabe Musa ya ci zaɓen gwamna na 1979 a jam'iyyar PRP, majalisar jiha kuma tana hannun jam'iyyar NPN, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa har ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Jiha ta yi kusan shekara biyu ba kwamishinoni, kuma wannan ya shafi kowace ma'aikata. Abin da nake so ka koya wa kanka shi ne, duk lokacin da aka kawo labarin faɗan manya, ka bi shi da tambayar abin da faɗan zai yi wa kuɗin jama'a. Misalin da ya fi damuna shi ne na rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, wanda Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi a watan Maris na 2018, sanatocin Kaduna uku duk suna adawa da shi. Mun shafe watanni muna watsa baƙaƙen maganganun da suka biyo baya tsakanin gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, da sanatocin, kowa yana da gwaninsa. Ƙalilan ne a cikinmu suka zauna suka tambayi sharuɗɗan rancen, wato nawa ne kuɗin ruwansa, shekara nawa za a ɗauka kafin a fara biya, kuma da wane kuɗi za a biya. Majalisar da ta biyo baya ta amince da shi, maganar ta kwanta. Sai a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba, nan ma muka sake rugawa ga tambayar ko ya ɓata da magabacinsa ne.

To, ga abin da ɗan jarida mai alƙalami da takarda zai iya yi a gaban masu sauraro ba tare da ya zagi kowa ba. Bashin waje da dala ake biyansa. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, wato dala miliyan 587 ta kama kimanin naira biliyan 270. Idan dala ta kai naira 1,500, wannan bashin dai, ba a ƙara ko sisi a kansa ba, ya zama kimanin naira biliyan 880. Kuma irin wannan bashi tun daga Abuja ake cire shi daga kason jiha kafin kuɗin ya iso Kaduna. Idan ka bayyana wannan, mai sauraro zai fahimci yadda za a ce kason jihohi ya ƙaru bayan cire tallafin man fetur amma gwamnati tana kukan rashin kuɗi, zai kuma iya yi wa kowane ɓangare tambaya da kansa: wanda ya ciyo bashin ya nuna ayyukan da aka yi da shi, wanda ya gaje shi kuma ya nuna nawa ake cirewa duk wata da nawa ke saura.

Abu na gaba, wanda a Zariya ya fi ko'ina muhimmanci, shi ne sanin wane ne ke da alhakin me. Garin nan cike yake da hukumomin tarayya, shi ya sa jama'a da mu kanmu muke cakuɗa lissafi. Jami'ar Ahmadu Bello, da Asibitin Koyarwa na Shika, da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, da barikin horar da kuratan sojoji, da babbar hanyar Abuja zuwa Kano da ta ratsa ta gefen gari, duk na Gwamnatin Tarayya ne, gwamna ba shi da iko da kasafinsu. 'Yan sanda ma haka, kwamishinansu ga Sufeto Janar yake amsawa. Amma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da makarantun sakandare na jiha, da ruwan famfo, da takardun filaye, waɗannan na jiha ne. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci kuwa su ne masu iyaye da yawa, domin jiha da ƙaramar hukuma da tarayya duk suna da hannu, kuma abin da ke da iyaye da yawa shi ne kowa yake tura wa ɗan'uwansa. Ka kuma lura cewa tun da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Zariya, Abbas Tajuddeen, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a watan Yunin 2023, idon jama'a ya karkata gaba ɗaya zuwa Abuja, alheri ko kuka duk can ake kai shi. Amma ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suna da kujeru huɗu a majalisar jiha, wato Birni da Kewaye da Sabon Gari da Basawa, kuma masu zama a kansu su ne suke ɗaga hannu a zartar da kasafin da ya shafi famfo da sakandare. Ka gwada tambayar masu kiran waya su faɗi kwamitin da ɗan majalisarsu na jiha yake ciki, za ka ji shiru. Wannan shirun laifinmu ne, domin ba mu taɓa gayyato su mu tambaye su abin da suka ce ranar da aka kare kasafin ma'aikatar ruwa ba.

Yanzu kasafin kuɗi, inda nake so ka daɗe. Akwai kalmomi huɗu da muke haɗawa a rediyo kamar abu ɗaya ne, alhali tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai rami: an ware, an saki, an kashe, an yi aiki. Abin da gwamna ya gabatar wa majalisa ƙuduri ne, kuma yana iya sauyawa kafin a sa masa hannu. Abin da aka sa wa hannu izini ne na kashe kuɗi idan an samu, ba shaida ba ce cewa kuɗin yana nan. Sakin kuɗi zuwa ma'aikata mataki ne dabam, biyan ɗan kwangila wani mataki ne, tsayuwar gini a ƙasa kuma wani. Kowane mataki yana da takardarsa. Akwai dokar kasafin, akwai rahoton aiwatarwa da ake fitarwa duk bayan wata uku, akwai rahoton Akanta Janar na ƙarshen shekara, sannan akwai rahoton Odita Janar na jiha, wanda sashe na 125 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta masa miƙa wa majalisa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin Akanta Janar. Yawancin waɗannan yanzu ana sa su a intanet, musamman tun da Kaduna ta shiga ƙawancen ƙasa da ƙasa na gudanar da gwamnati a buɗe a 2018, kuma Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun wallafa lissafinsu a kan lokaci. Takardun suna nan, masu karanta su ne suka yi ƙaranci. Idan ka buɗe rahoton wata uku, ka nemi layin manyan ayyuka na ma'aikatar da ka zaɓa, ka dubi abin da aka ware da abin da aka kashe zuwa ranar, ka fitar da kaso cikin ɗari. Wannan lamba guda ta fi jawabin awa ɗaya amfani.

Ban koyi wannan a aji ba, kunya ce ta koya mini. Ina matashi kamarka aka ba mu takardar sanarwa daga wata ma'aikata, mai jerin ƙananan asibitocin da aka ce an kammala, na karanta ta a labarai yadda take. Bayan kwana biyu wani dattijo daga wani ƙauye a kewayen Zariya ya zo har ofis, ya jingine kekensa a gindin bishiya, ya zauna jirana tun hantsi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai yana so in raka shi in ga asibitin da na ce an gama a garinsu, domin matarsa ta ji a rediyo tana tambayarsa yaushe za a fara awo. Na bi shi. Gini ya kai linta, babu rufi, ciyawa ta kai gwiwa a cikin ɗakin da aka ce na haihuwa ne, ga awaki biyu kwance a inuwar bango, allon kwangila kuma ya faɗi rub da ciki. Ban ce wanda ya rubuta sanarwar ya yi ƙarya da gangan ba, mai yiwuwa shi ma takarda aka ba shi. Amma muryata ce ta shiga gidan dattijon, ba tasa ba. Tun daga ranar, idan ban gani ba, "ma'aikatar ta ce an kammala" nake faɗa, kuma ina ƙoƙarin in je in gani.

Idan kana neman batun da za ka fara da shi, ba ka da kamar ruwan Zariya. Babu gidan da bai shafa ba, kuma ya ratsa gwamnatoci da yawa, saboda haka babu jam'iyyar da za ta ce ita kaɗai aka sa wa ido. Aikin yana da sassa, kowane da mai shi: madatsar ruwa ta Galma ta Gwamnatin Tarayya ce, matatar da aka gina don tace lita miliyan 150 a kullum aikin jiha ne, shimfiɗa manyan bututu da tankuna da rarraba ruwa cikin unguwanni kuma an yi su da rancen Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka. Kowane sashe an yi bikin buɗe shi ko an yi jawabi a kansa. Amma ka fita da sassafe ka tsaya a bakin titi a Tudun Wada ko Sabon Gari, ka ƙirga 'yan garuwa nawa za su wuce ka suna tura kura cike da jarkoki kafin rana ta ɗaga. Tambayoyin da ke tsakanin matatar da kurar ɗan garuwa su ne shirinka: lita nawa ake tacewa a zahiri a kullum, awa nawa injuna suke samun wutar lantarki, wa ke biyan kuɗin wutar da na alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, unguwa nawa bututu ya kai, gida nawa aka jona, nawa hukumar ruwa take tarawa daga masu biya. Ka tura abokin aikinka ɗaya cikin Birni, ɗaya Samaru, ɗaya Wusasa, kowa ya naɗo muryar matan gida suna faɗin ranar ƙarshe da famfonsu ya kawo ruwa da abin da suke kashewa a mako. Wanda ya ji muryar maƙwabciyarsa a rediyo ba zai murɗa zuwa wata tasha ba.

Wannan ya kawo mu ga tsoronka na gudun masu sauraro. Mutane ba manufa suke gudu ba, Turancin da aka yi wa rigar Hausa suke gudu, da lambobin da ba su da ma'ana a kunne. Ka fara da famfo, ka ƙare da kasafi, kada ka juya. Idan za ka ambaci biliyan, ka tuna wa mai sauraro cewa miliyan dubu ce, kai ma ka tuna wa kanka, domin na sha jin mai karanta labarai ya mayar da biliyan miliyan ba tare da ya lura ba. Sannan ka raba lambar da abin da mutum ya sani. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓun kansila 255, saboda haka idan aka ce an ware kaza don ƙananan asibitoci, ka raba da 255 ka faɗa wa mutumin Kwarbai abin da zai zo kan mazaɓarsa idan da za a raba daidai, shi zai gaya maka ko ya ga alamarsa.

Wani aibinmu kuma shi ne rashin komawa. A 2017 gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar da aka yi musu, ta sallame su, ta ce za ta ɗauki 25,000. An yi zanga-zanga, an yi yajin aiki, mun yi ta shirye-shirye, masu goyon baya da masu suka kowa ya gaji. Amma hukuncin wannan manufa ba a shekarar ake yanke shi ba. Yaran da suke aji ɗaya a lokacin yanzu suna sakandare, kuma yau ne ya kamata a shiga makarantun Zariya a ƙirga malami nawa ke gaban yara nawa, a tambayi nawa ne daga cikin sababbin suka zauna, a ga ko yaron aji huɗu yana iya karanta sakin layi. Haka batun kuɗin manyan makarantun jiha, wanda aka ƙara a 2021 aka kuma rage a watan Agustan 2023, inda na Nuhu Bamalli ya sauko da rabi. An yi murna, kuma ta cancanta, amma tambayar ɗan jarida ita ce ko gwamnati ta cike wa makarantar giɓin da ragin ya bari, domin idan ba a cike ba, a ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu zai fito. Ka sayi littafi mai kauri, ka riƙa rubuta kowane alkawari da ranarsa da wanda ya yi shi, ka ware mako ɗaya a kowane wata uku don buɗe shi a kan iska.

Batun fitina kuma, ba zan ruɗe ka in ce babu ita ba. Sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati, sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma an sha kama 'yan jarida a ƙasar nan da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, kuma ko da aka yi masa gyara a 2024 ba a daina jin irin wannan labari ba. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma gidan rediyo take kamawa, ba baƙon da ya yi ɓaranɓaramar ba. Abin da na gani a tsawon aikina shi ne, wanda ya karanta lamba daga takardar gwamnati da kanta ya fi wanda ya kira mutum ɓarawo kwanciyar hankali, kuma maganarsa ta fi ciwo. Ka bambance zargi da hukunci. Lokacin da kwamitin majalisar jiha ya fitar da rahotonsa a watan Yunin 2024 yana zargin gwamnatin da ta gabata da karkatar da naira biliyan 423, tsohon gwamnan, Malam Nasir El-Rufa'i, ya musanta, ya kuma garzaya kotu, saboda haka duk wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya bai ba da labarin ba. Idan kana neman bayani, ka rubuta takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, amma Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Ko ba a amsa ba, ka samu abin faɗa na gaskiya: mun rubuta ranar kaza, an karɓa, har yau ba mu ji komai ba, kuma kujerarsu tana nan a shirin duk ranar da suka shirya.

Akwai kuma fitinar da ba ta zuwa da ɗan sanda, tana zuwa ne cikin ambulan da sunan kuɗin mota ko na goro. Na san albashin da ake biyanku, na kuma san akwai gidajen da ba sa biya sam, suna ba yaro katin shaida su ce ya je ya nema, don haka ba zan yi maka wa'azi daga kan tudu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masu sauraro suna gane muryar da aka saya tun kafin ta kai ƙarshen jimla. Aƙalla ka tabbata baƙin da kake zaunarwa a matsayin 'yan jarida ba masu ba wani ɗan siyasa shawara ba ne a ɓoye. Idan mutum yana aiki da wani, a faɗa a kan iska, ya yi maganarsa a matsayin ɗan ɓangare. Haka kuma ka roƙi shugabanninka kada a jera shirinka bayan filin sojojin baka da aka saya ba tare da an sanar da cewa wancan talla ne ba, domin kunne ba ya ganin katangar da ke tsakani.

A kan abu biyu nake so ka ninka taka-tsantsan. Na farko addini da ƙabila. Wanda ya ga rikice-rikicen 2000 da 2011 a jihar nan ba ya buƙatar bayani, kuma rikicin 2002 wani rubutu ne a wata jaridar Legas ya kunna shi, aka yi asarar rayuka a Kaduna. Kusan kowace manufa, daga naɗin kwamishinoni zuwa inda aka kai titi, akwai mai jiran ya mayar da ita zancen Kudanci da Arewacin Kaduna, saboda haka ka riƙe layin waya da hannunka, ka katse mai kiran da ya fara wannan hanya tun a kalmar farko, ka ba shi haƙuri daga baya. Na biyu masarauta. Ana iya tattauna manufar gwamnati a kan sarautu, kamar rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 da aka yi a 2017 da abin da hakan ya yi wa sasanta rigingimu da tsaro a ƙauyuka, ba tare da an shiga gasar gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa ba, wadda a Zariya ba ta da ƙarshe kuma ba ta kawo wa kowa ruwa.

Daga ƙarshe akwai batun da yake daidai tsawon hannunka, wato hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, har da Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba. Ka buga shafin, ka sa shi a aljihu, ka je sakatariya ka nemi ganin shugaban ƙaramar hukuma. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nuna masa lambar, ka tambaye shi ko ita ce ta shigo asusunsa, ta wace hanya ta shigo, nawa ya tafi albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, nawa ya rage. Idan ya ce sai ya duba, ka tambaye shi ranar da za ka dawo, ka rubuta ta a littafin nan naka a gabansa.